Sunan da Kawu Laminu Bai Kira Ba

Ku matso nan. Ke Lantana, kashe wayar nan ko in fasa. Wannan ba tatsuniya ba ce, kar wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Labarin Kawu Laminu ne, na Matamai. Kun ishe ni da tambayar abin da ya same shi. To yau za ku ji, kuma wanda ya kai zancen gaban manya, ni da shi ne.

Kawu mai gyaran keke ne tun yana saurayi. Hannunsa ne ya kai shi Faransa. Ba birni ba fa. Wani ƙauye ne can ciki, gidajen dutse, tsofaffi da shanu. Wata dattijuwa, Madam Odil, tana ba masu yawon buɗe ido hayar kekuna. Su zo lokacin zafinsu, su hau, su je kallon kangon gidan wani sarkinsu na da, da tsohuwar majami'a. Daga nan su faɗa daji, su yi ta zagaye. Kawu ke yin faci, ya ɗaure birki, ya sa wa sarƙa mai. In keke ya mutu a hanya, shi ke zuwa ya ɗauko.

Shekara uku bai zo gida ba. Shekara uku ba wanda ya dube shi ido da ido ya ce masa ina kwana. Kewa ta ci shi har ƙashi.

'Ya'ya uku ya bari. Babbar ita ce Haulatu, 'yar fari, shekararta tara. Kun san kunyar ɗan fari, kuma Kawu mutumin da ne. Bai taɓa kiran sunanta ba, ko sau ɗaya. Waccan, ko 'yar Inna, iyakarsa ke nan. Amma kowa a gidan ya san ita ce ransa. In ya aiko da kaya, takalmin da ya fi kyau nata ne, sai ya ce wa matarsa Baraka ta ba waccan in ya yi mata. In ana waya, sai ya gama da kowa sannan ya yi shiru. Baraka ta gane, ta miƙa wa yarinyar. Ba ya cewa komai. Ita ke ta surutu, shi yana saurare.

Wata Alhamis wasu baƙi suka dawo a ƙafa. Sarƙa ta tsinke, sun jingine keke a daji, wajen dutsen sojoji. Madam Odil ta ce a bari sai safe, ya tafi da maƙwabcinta. Ta ce mutanen garin ba sa bin wannan hanyar su kaɗai, kuma ba ta faɗi dalili ba. Kawu ya ɗaga kai ya ga rana tana nan. Can a wannan lokacin sai kusan goman dare take faɗuwa. Ya ce ai da sauran rana, ya zuba kayan gyara a jaka, ya hau kekensa.

Dutsen nan, bari in gaya muku. A babban yaƙin Turawa an kashe sojoji a dajin. Aka kafa dutse don tunawa da su. Turawan cikinsu an sassaƙa sunan kowa. A can ƙasa kuma aka rubuta baƙaƙen fata tara, ba a san sunansu ba. Shi ke nan abin da aka ba su.

Ya tarar da keken. Ya tsuguna, ya kama sarƙa. Itatuwan can dogaye ne, sun haɗe kai, haske kaɗan ke sauka. Tsuntsaye na ta kuka. Sai suka yi tsit, gaba ɗaya.

"Sannu da aiki, yaro."

Da Hausa. Irin Hausar kakanni.

Ya waiwaya. Wani tsoho ne zaune a gindin dutsen. Doguwar rigar sanyi ta soja, a cikin zafin nan. Jar hula da ta koɗe. Takalmansa manya, ɗaure da igiya, suna kan busasshen ganye, amma ganyen bai lotsa ba. In ya yi magana, murya ke fara fitowa, sannan baki ya motsa.

Kawu ya ga duk wannan. Wallahi ya gani, shi ya faɗa da bakinsa. Amma shekara uku fa. Maimakon ya yi a'uzubillahi ya taka keke, sai hawaye suka zubo masa. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar ya ga ubansa.

Tsohon ya tambayi damina. Ya tambayi gero, ya tambayi ko har yanzu kasuwa na ci a inda take ci. Ya ce shi ma mutumin wajenmu ne, an kwaso su yana saurayi. Ya ce ya gaji da sanyin ƙasar nan, gida yake so, amma duk wanda ya san shi ya mutu, ba shi da masauki. Kawu ya yi ta ba shi haƙuri, wawan Allah.

Sai tsohon ya gyara zama.

"Faɗa mini mutanen gidanka. Ɗaya ɗaya, da sunansu. Wanda aka kira yana da mai shi."

Kawu ya zaci albarka za a sa musu. Ya fara da murna. Inna Dela, mahaifiyarsa. Baraka. Idirisa. Habu, ɗan auta. Sai ya tsaya.

"Shi ke nan?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ya ce akwai wata yarinya dai, 'yar Inna.

"Sunanta?"

Ina! A gaban babba? Ya ɗauki ɗan kara yana zane a ƙasa. A ransa yana cewa ai dattijon Bahaushe ne, zai gane. Ya kuwa gane. Wannan ne abin da ke ƙona mini rai. Tsohon ya san al'adar sarai, a cikinta aka haife shi. Da ita ya ɗana tarkon.

"Yaro, sunanta."

"Ai Baba ka sani," in ji Kawu.

Tsohon ya yi dariya, ba sauti. Can sai sautin ya biyo baya.

"Ni ma ba a kira nawa ba."

Ya miƙe. Ya ciro maɓalli ɗaya na tagulla daga rigarsa, ya saka a tafin Kawu, ya ce tukuicin masauki ne. Sanyinsa kamar ƙanƙara. Ya juya ya shiga cikin itatuwa, ya nufi kudu. Ganye ko ɗaya bai motsa ba.

Kalmar masauki ce ta farkar da Kawu. Ya miƙe ya buɗe baki, karo na farko a duniya, ya ƙwala sunan 'yarsa. Haulatu! Haulatu! Daji ya yi shiru, ba wanda ya amsa.

Ya bar keken baƙi a nan. Ya hau nasa ya taka kamar ransa zai fita. Waya ba ta kamawa a dajin. Sai da ya kai gadar bakin gari ta kama, lokacin rana ta gama faɗuwa. Ya kira Baraka.

Ta ce kowa lafiya. Sai dai yarinyar ce ta tashi daga tabarma yanzun nan, wai sanyi take ji, a cikin zafin da ake. An ba ta bargo. Ta je ta zauna a zaure, inda maigida ke zama, ta ce a kawo mata goro.

Ya ce a ba ta wayar.

Aka miƙa mata. Numfashi a hankali, irin na wanda ya yi doguwar tafiya. Sannan da muryar yarinya, 'yar siririya, aka ce:

"Na sauka lafiya, yaro."

A satin ya baro Faransa. Ba abin da ba a yi ba. Rubutu, hayaƙi, malamai daga Damagaram har Kano. Ya sayar da gonarsa. Ya jefa maɓallin a rijiya, da safe ya gan shi a aljihu. Ita kuwa Haulatu ba ta duka, ba ta faɗuwa, ba ta ihu. Tana cin tuwo da kyau, tana shan hantsi cikin bargo, tana kallon gari kamar mai hutawa. Baraka ta rame ta zama kara, ta daina shiga zauren.

Kawu kuwa kunya ta ƙare. Daga asuba zuwa dare sunan yake kira, a gaban kowa, har maƙwabta suka daina ɗaga kai. Ba ta waiwayawa. Sau ɗaya tak ta dube shi. Ta tauna goronta, ta ce masa sau uku aka tambaye shi.

Shekara shida ke nan. Kun gan ta da idonku da muka je suna, kuka ce yarinyar nan ba ta wasa.

Ba ku ji mafi muni ba. Bara Madam Odil ta kira shi. Ta ce ta cire hanyar daga taswirar da take ba baƙi, don masu keke sun fara ƙorafi. Wai in sun zo wajen dutsen suna jin kukan ƙaramar yarinya, tana kira da wani yare da ba su sani ba. Ta ce kalma ɗaya suka iya riƙewa. Ta maimaita masa ita da bakinta na Baturiya, ta tambaye shi ko ya san ma'anarta. Baba.

Takardunsa sun mutu tun tuni. Sau huɗu yana neman izinin komawa, sau huɗu ana hana shi. Yana nan a Matamai tare da tsohon, ita tana can cikin sanyi.

Ke Lantana, da kike cika baki za ki karatu Turai. In Allah ya kai ki, aka ce kar a bi hanya ke kaɗai, to kar ki bi, ko da rana tana tsaka. In kika ji Hausa a inda babu Bahaushe, kar ki amsa, komai daɗinta. Ku tashi ku yi addu'a ku kwanta, ni ba zan raka kowa bayan gida ba.