Tunin da Ya Jira Awa Uku

Ranar da ta fara aiki a ɗakin gwaji, shi ne ya miƙo mata kujera, kujerar kuwa mai karyayyar taya. Tana zama ta karkace, ya rikice yana ta ba da haƙuri, ita kuma dariya ta ƙwace mata. Daga nan zance ya soma.

Injiniya, kamar yadda kowa ke kiransa, shi ke rubuta mai rabon layi, wato ɓangaren nan na zuciyar manhajar kwamfuta da ke yanke wane aiki zai shiga yanzu, wane zai jira. Ita kuma aikinta ta jibga wa abin nasa ayyuka dubu ta ga inda zai gaza. Duk kuskuren da ta kamo sai ta zagaye shi da jan biro, har ya laƙaba mata sunan.

"Jan Birona, yau ma kin yanka ni?"

"Kaɗan dai. Manyan ayyuka suna gudu, amma in suka yi yawa, ƙaramin aiki sai ya yi ta jira ba a kula shi."

"Haba, sau ɗaya cikin dubu fa."

"Sau ɗayan nan a kan wani zai faɗa, Injiniya."

Ya yi murmushi, ya tura takardar ƙarƙashin kofin shayi. Tana sonsa, ba ta ɓoye wa kanta, amma wallahi taurin kansa sai shi.

Matsalar tana gida. Babanta shekara talatin ya yi yana ba da kati a asibiti, ba abin da ya tsana irin saɓa lokaci, ya kuma ji labarin mantuwar Injiniya. Ga wani likita, ɗan abokinsa, da ke zuwa gaisuwa a kai a kai. Da ƙyar Umma ta shawo kansa ya ce Injiniya ya zo gaisuwa Asabar ƙarfe huɗu.

Ta tura masa saƙo: "Asabar ƙarfe huɗu. Don Allah kar ka kunyata ni."

Ya amsa: "Na sa tuni a kwamfutata tun ƙarfe uku. Kwantar da hankalinki, sanyin idona."

Asabar Baba ya zauna a falo da agogo a hannu. Huɗu ta yi, biyar ta wuce, ta kira har sau tara ba a ɗaga ba. Ƙarfe shida Baba ya miƙe.

"Wanda bai san lokacina ba, ba zai san naki ba. Gara likitan."

Ta shige ɗaki ta sha kuka. Bakwai saura saƙonsa ya shigo: "Jan Birona, na kashe kaina. Yanzu tunin ya fito." Ta kife wayar.

Litinin ta tarar da kwamfutarsa a teburinta. Ashe bawan Allah sabon mai rabon layin da bai gama gyarawa ba ya ɗora a kwamfutar tasa, wai mai abu shi ya kamata ya fara ɗanɗanawa. Asabar ya shigo ofis, ya jefa waya a durowa kamar kullum, ya saki manyan ayyuka yana gwaji. Ta buɗe rajistar ayyukan, sai ga ɗan ƙaramin aiki mai suna Gaisuwar Baba, ya jira awa uku da minti arba'in. Ta fitar da shi a takarda ta zagaye da ja.

"Ba zan ɗora wa kwamfuta ba," in ji shi daga bayanta. "Ni na rubuta, ke kuma kin faɗa mini na yi biris."

"To, je ka faɗa wa Baba haka."

Asabar ta gaba ya je da takardar, an sa masa huɗu amma tun uku da rabi yana tsaye a bakin ƙofa. Ta laɓe bayan labule tana jin Baba na juya takardar.

"Wato injin naka manya kawai yake gani?"

"Haka ne, Baba."

"Yaro, mu ma muna shigar da mai ciwo mai tsanani gaba. Amma duk rabin awa sai na duba benci, wanda ya fi daɗewa in matso da katinsa sama. Ko mai mura bai taɓa wuni a gabana ba."

Injiniya ya zaro biro ya hau rubutu a bayan takardar. Baba ya leƙa ya ce minti talatin, ba hamsin ba, Umma ta toshe baki tana dariya.

Mako biyu ta yi tana azabtar da sabon gyaran, inda duk aikin da ya daɗe yana jira matsayinsa ke ƙaruwa. Ta kai wa Baba sakamakon babu ja ko ɗigo. Ya gyara tabarau ya karanta, sannan ya ce yaron ya turo magabatansa.

Ranar ɗaurin aure an sa ƙarfe sha ɗaya, ango ya iso tun tara. Baba ya dubi agogo, ya dafa kafaɗarsa.

"Ka daɗe a benci, ɗana, layinka ya zo. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."