Kalmar da Bashira Ta Ara

Bashira na durƙushe a tsakiyar falo tana danna rigunan sanyi cikin akwati. Yayar mijinta, Hasanatu, na zaune a kan kujera ɗaya tilo mai kyau a gidan, tana kallonta tana kaɗa ƙafa. Gidan ɗaki biyu ne a hawa na sha huɗu a unguwar Cheras ta ƙasar Malaysia, fanka na juyawa amma zufa ba ta fasa tsatsafowa ba.

"Wai ya ma sunan ƙasar?" in ji Hasanatu.

"Peru, Anti. Za mu sauka a wani gari Cusco, daga nan mu riƙa hawa ƙauyukan kan dutse muna haɗa musu matatar ruwan sha."

"Peru." Hasanatu ta maimaita kamar ta tauna tsakuwa a shinkafa. "Shekara shida da aure ko ɓatan wata ba ki taɓa yi ba. Maimakon ki zauna ki nemi magani, za ki kwashi ƙafa ki tafi tace wa mutanen da ko sallama ba su sani ba ruwa."

Daidai nan Zulkiflu, mijin Bashira, ya turo ƙofa da ledar gurasar roti a hannu.

"Na yo mana tapau a mamak," ya ce, wato ya sayo musu abinci a shagon bakin titi, sannan ya ga fuskar matarsa. "Yaya, internship ne fa, wata uku kacal. In ba ta yi ba, ba za ta yi graduating ba."

"A Malaysia ruwan ƙarewa ya yi?"

"Can aka ɗauke ta, kuma aikin sa kai ne, akwai lada."

"Lada na ɗakin miji," in ji Hasanatu. Ta zari jakarta ta fice, ko rotin ba ta kalla ba.

Shekara goma sha biyu Hasanatu ta yi a kasuwar Chow Kit tana sayar wa ɗalibai kuka da daddawa da atamfa, kuma duk abin da ya motsa a gidan ƙanenta, kafin la'asar ya isa kunnen mahaifiyarsu Hajiya Bintu a Kano. Abu ɗaya ne bai taɓa isa ba. Shekara guda kafin wannan rana, wani likita ya zaunar da ma'auratan nan ya faɗa musu cewa Bashira lafiyarta ƙalau, matsalar daga Zulkiflu take, kuma da wuya ƙwarai ya haihu. A bas ɗin da ta dawo da su gida ya yi ta kallon taga yana haɗiye kuka. Bashira ce ta kamo hannunsa a ƙarƙashin hijabinta ta ce, "Malam, wannan magana ta mutu a nan. Asirinka nawa ne."

Ya karɓi wannan kyauta, ya kuma ji daɗinta fiye da yadda ya kamata. Yana ji Hajiya na kiran matarsa juya a waya, sai ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, lokaci ne." Yana son Bashira, wannan ba a musu. Amma tsoro ya fi son nasa baki.

A Cusco aka sauke Bashira a gidan wata dattijuwa mai suna Pilar, wadda mijinta ya rasu. Sanyi ya ba ta wuya, numfashi ya ba ta wuya a kan tudun nan, amma ba abin da ya kai gaisuwarsu. Mace da namiji, kowa ya zo sai ya miƙo kumatu a sumbata. Ita kuwa 'yar Kano ce da ko hannu ba ta taɓa ba namiji ba. Sai ta riƙa ja da baya tana sunkuyar da kai, su kuma suna tsammanin ƙyamarsu take.

Ta so ta ce musu kunya take ji. Sifaniyancinta na waya ne, bai wuce gaisuwa da tambayar hanya ba, amma ta lura kalmominsu da yawa Turanci ne aka ɗaura wa jela. To, ai a Turanci mai jin kunya *embarrassed* ne. Sai ta ɗaura masa jela. Ranar da wani injiniya ya matso zai gaishe ta, ta dafa ƙirji ta ce, "Estoy embarazada."

Maganar ta yi aiki kamar yankan wuƙa. Injiniyan ya ja da baya yana murmushi, mata suka yi ta tafa hannu. Daga ranar Pilar ta hana ta ɗaukar bokiti, ta riƙa dafa mata romon kaza, ana ba ta kujerar gaba a mota. Duk sanda aka ce ta tashi ta yi rawa ko ta ɗanɗana wani abin da ba ta yarda da shi ba, sai ta sake jefa kalmarta, a ƙyale ta.

"Malam, mutanen nan sun san darajar kunya," ta gaya wa mijinta a waya. "Wallahi kamar a tafin hannu suke riƙe da ni."

Baiwar Allah ba ta san cewa a bakinsu kalmar nan mai juna biyu take nufi ba.

A mako na tara aka tura su wani ƙauye da babu sabis, za su kwana takwas. Ranar da suka tafi, Pilar ta sa hoto a Facebook ta maƙala sunan Bashira. Hasanatu na shago tana auna wa wani ɗalibi kuka ta gani. Ta danna fassara, ta karanta sau biyu: *Bashirarmu tana da ciki, Allah ya kawo jaririn lafiya.* Ba ta kira ƙanenta ba, Kano ta fara kira.

Zulkiflu na ɗakin karatu a jami'a wayarsa ta yi ƙara. Ya fito baranda ya ɗauka, ya ji Hajiya na kuka.

"Allah ya amsa, Zulkiflu! Ashe da shi ta tafi, ka ɓoye min? Na sa a soya waina a raba sadaka. Ka ce mata duk abin da na faɗa a baya, zafin zuciya ne."

"Hajiya, wa ya faɗa miki?"

"Yayarka mana. Ga shi can a hoto, duniya ta gani."

Ya ce amin. Ya buɗe hoton. Ga Bashira a tsakiya tana dariya, hannun Pilar a kan cikinta, a bayanta wani dogon namiji ya ɗaga babban yatsa. Ya kira ta, waya a kashe. Ya sake kira har batirinsa ya mutu.

Kwana uku ya yi ba ya iya cin abinci. Ranar Juma'a bayan an idar da salla, 'yan uwa ɗalibai suka yanyame shi. "Angon ƙarni in advance! Sai ka kai mu makan mu cika ciki, ba excuse lah." Ya yi musu yaƙe. Kowa na murna da abin da shi kaɗai ya san ba zai yiwu ba. Zuciya ɗaya ta ce masa likita ba Allah ba ne, kuma wannan Bashira ce, ka jira ta sauko. Ɗayar ta riƙa nuna masa dogon mutumin nan. Ta biyun ya saurara.

Safiyar kwana na huɗu ya zauna a bakin gado ya danna wayar ya yi magana.

"Bashira, ni da ke mun san abin da likita ya ce. Ba zan yi miki tonon asiri ba. Ki faɗa min kawai, na wane ne?"

Ya tura. Saƙon ya tsaya da alama ɗaya, yana jiran ta sauko daga dutse.

Ranar da Bashira ta dawo Cusco, Pilar ta tare ta a ƙofa da wata 'yar hular ulu da ta saƙa, wadda ko dunƙulen hannu ba za ta rufe ba. Bashira ta juya ta, ta rasa gane kanta. 'Yar Pilar, wadda ke jin Turanci, ita ta warware zancen. Bashira ta zauna a ƙasa ta yi ta dariya har da riƙe ciki, wata biyu cur tana shelar cikin da babu shi. Can dariyar ta tsaya, ta dubi 'yar hular a tafin hannunta, idonta ya kawo ruwa. Pilar ta rungume ta ba tare da ta tambayi komai ba.

Ta ce bari ta ba Malam labari, shi kaɗai zai gane dariyar da kukan. Ta kunna waya. Saƙonsa ne ya fara shigowa.

Sau ɗaya ta saurara. Ta ɗauki hoton kalmar a ƙamus ta tura masa, ta rubuta a ƙasa: *Kunya nake nufi.* Daga nan ba ta ƙara ɗaukar kiransa ba. Sauran mako ukun ta yi su tana haɗa matatu da rana, in ya rubuto doguwar ban haƙuri ta amsa da "Lafiya lau."

Zulkiflu ya je tarbarta a filin jirgi. Ta rame, ta yi duhu. Ta gaishe shi cikin ladabi kamar yadda ake gaida baƙon maƙwabta, har suka isa Cheras ba ta ƙara cewa uffan ba. Suna shiga ya durƙusa a gabanta.

"Bashira, ki yafe min. Shaiɗan ne."

"Kar ka ɗora wa Shaiɗan, Malam, muryarka na ji." Ta zauna a kan akwatinta, hawaye na zuba ba ta share ba. "Shekara guda ana ce min juya a gabanka, ban taɓa ɗaga kai na kalle ka ba, don kar a gane. Ni na iya yin shiru shekara guda saboda kai. Kai kwana huɗu ka kasa yi saboda ni. Ko sau ɗaya ba ka ce wataƙila Allah ne ya dube mu ba."

Ta tashi ta shiga ɗaya ɗakin ta rufo ƙofa.

Washegari da hantsi Hasanatu ta iso, wayarta a hannu, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Hajiya ce a kan layi, kuma labarin ba ciki ya riga ya isa gare ta.

"Ta mayar da ni abin dariya a unguwa," in ji Hajiya. "Na raba sadaka, an zo min barka. Yarinya ba haihuwa, sai yawon duniya da ƙaryar ciki? Zulkiflu, na gaji. In ni na haife ka, ka sallame ta ta koma gidansu."

Bashira na tsaye a ƙofar kicin, kanta a ƙasa. Ko yanzu ba ta da niyyar buɗe baki, kuma Zulkiflu ya ga haka. Ya ga cewa in ya yi shiru, za ta ja akwatinta ta tafi da asirinsa a cikinta har kabari. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

"Hajiya, akwai maganar da ban faɗa miki ba."

"Malam, kar ka..." in ji Bashira.

"Bari, Bashira." Ya karɓi wayar daga hannun yayarsa. "Hajiya, mun je asibiti tun bara. Bashira lafiyarta ƙalau. Ni ne ba na haihuwa. Ita ta ce a rufa min asiri, ni kuma na bar ta tana shan zagi a madadina. Da ta so 'ya'ya fiye da ni, da tuni ta tafi ta same su a gidan wani."

Hasanatu ta nemi kujera ta zauna, ta rufe baki da gefen mayafinta. Da muryar Hajiya ta dawo, ta zama ƙarama.

"Ba ni ita."

Bashira ta karɓa da hannu biyu. "Na'am, Hajiya."

"Kina ji ina kiranki abin da nake kiranki, kin san gaskiya, kika yi shiru?"

"Ɗanki ne, Hajiya. Mijina ne."

Hajiya ta fashe da kuka. "Ki yafe min, 'yata. Don Allah ki yafe min."

Bashira ta yafe wa Hajiya a take. Yafe wa Zulkiflu kuwa ya ɗauki watanni, domin kalma ukun da ya tura sun daɗe suna yi mata amsa-kuwwa a kunne, shi kuma bai gaji da lallashi ba. Abin da ya koya, kowane mai aure ya kamata ya koya tun bai yi ɓarna ba. Wanda ya rufa maka asiri ya cancanci ka kyautata masa zato, kuma kafin ka yanke wa masoyinka hukunci a kan maganar da aka fassara maka, ka jira ka ji daga bakinsa.

Har yau Allah bai ba su haihuwa ba, kuma akwai ranakun da Bashira ke wuce shagon kayan jarirai da sauri. Amma da suka je hutu Kano, a wani taron biki wata mata ta dube ta ta ce, "Har yanzu shiru?" Kafin Bashira ta sunkuyar da kai, Hajiya Bintu ta jawo ta kusa da ita ta zaunar.

"Allah bai kawo ba," ta ce wa matar. "In kina da sauran tambaya, ni za ki yi wa, ki fita harkar 'yata."