Dokar da Auta Kaɗai Ta Bi

Auta na zaune a falo tana goge takalman Baba, Yaya ya shigo riƙe da waya, fuska a murtuke kamar wanda aka aiko da saƙon mutuwa.

"Baba, ga surukin naka."

Baba ya gyara zaman tabarau. Hoton Likita ne, likitan haƙorin da ke neman auren Auta, yana tsaye a taron waccan jam'iyyar da Baba ke adawa da ita, har da ɗaga hannu, ya washe haƙoran nan nasa farare tas kamar talla.

Baba ya ajiye wayar, ya yi gyaran murya irin ta wanda aka miƙa wa lasifika.

"Daga yau kuɗin gidan nan ba zai ƙara shiga aljihun 'yan can ba. Mai nama, mai aski, bakanike, kowa a binciki inda ya dangwala. Abin da ka ba su da safe, da shi za su buga fostar da za su liƙa maka a katanga da yamma."

"To maganar yaran nan fa?" in ji Umma, a hankali.

"Wace magana? Wanda ban yarda ya taɓa min haƙori ba, shi zan ba wa 'ya?"

Auta ta ce, "Baba, ai haƙori ba ya zaɓe—"

"Ke, rufe min baki."

Auta ta dubi Yaya. Shi ne fa ya haɗa su, abokinsa ne tun suna makaranta. Yaya ya kau da kai, ya hau gyaran agogon hannunsa.

Ta ci kuka har idanunta suka kumbura, amma ta bi umarni. Ta kira Likita sau ɗaya ta gaya masa, ta toshe lambarsa. Ko titin asibitin ta daina bi, gara ta yi zagaye ta bayan kasuwa rana na dukanta.

Gida kuwa ya shiga wani hali. Sabon mai nama ƙashi yake auno musu da jijiya. Sabon mai aski ya ɗan gutsiri kunnen Baba. Sabon bakanike ya gyara birki, hon ya daina kuka. Kullum maganar Baba ɗaya ce: "Namu ne, a yi haƙuri." Auta ta rame har zobe na juyawa a yatsarta, ba wanda ya lura.

Wata rana da la'asar, mai tasi ya kauce wa cunkoso ya bi da ita ta titin da take gudu. Ta sunkuyar da kai, amma ido ba ya jin magana. Can bayan asibitin, a lungun da ake zubar da kwalaye, ga motar Baba an cusa ta kamar kayan sata.

"Direba, tsaya nan."

A ɗakin jira ta tarar da Yaya dafe da kunci, Umma kuma a gefe ta rungume jaka.

"Rakiya na yo," in ji Umma da sauri.

"Ni ma rakiya ce," in ji Yaya, auduga na leƙowa ta gefen bakinsa.

"Wa kuka rako?"

Daga ciki injin gyaran haƙori ya yi ziii, wani nishi ya biyo baya, nishin da ta sani tun tana goye. Ta tura ƙofa.

Baba ne a kwance kan doguwar kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya kamar jariri, baki a wangame cike da auduga, ƙaramin tiyo na zuƙe miyau. Likita ya sauke takunkumin fuskarsa. Shi ma ya rame.

"Tun yaushe?" ta tambaye shi.

"Ba a daɗe da kafa dokar ba."

"Kai ma da kai aka rufe ni?"

"Kin toshe lambata, Auta. Kuma abin da na gani a bakin mara lafiya ba na fita da shi waje."

"Aaa-haa-ngh," in ji Baba, yana kaɗa yatsa.

Auta ta tura ciki gaba, ta goya hannu a baya, ta yi gyaran murya sak irin tasa. "Daga yauuu, kuɗin gidan nan ba zai ƙara shiga aljihun 'yan can ba." Yaya ya fara dariya a bakin ƙofa, sai ya ga hawaye na sauko mata har haɓa, ya haɗiye abarsa.

"Ni kaɗai kuka bari da dokar," ta ce da muryarta ta gaske. "Kowa ya lallaɓo ya kawo ciwonsa inda zai samu sauƙi. Ni ba wanda ya tambayi inda ke min ciwo. Yaya, kai ka kai hoton, kai ne kuma a layi."

Likita ya zare audugar, ya miƙa kofi. "Baba, kurkure."

Baba ya kurkure, ya tofar. Leɓensa ya mutu da allura, maganar na fita a karkace.

"Na je wurin likitan haƙorin namu. Haƙori mai lafiyar ya cire, ya bar min mai ciwon." Ya kasa haɗa ido da ita. "Wannan kuwa, duk zuwan da na yi sai na zagi jam'iyyarsu a kan kujerar nan, allura na hannunsa, bai taɓa danna min da gayya ba. Kansa ne dai ba daidai ba, amma hannunsa da zuciyarsa lafiya lau. Na zalunce ki, Auta. Kunya ce ta hana ni janye maganata, na bar ki kina biyan kuɗin kunyata."

Ya juya ga Likita. "Ka ce wa manyanka su zo. Amma ranar zaɓe kada ka gaishe ni."

Auta ba ta yi murmushi ba a ranar. Baba ta yafe masa kafin su isa gida, Umma bayan kwana biyu, Yaya kuwa sai da ya yi ta zarya da ban haƙuri har ana gobe ɗaurin aure.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse, Auta ta dafa nata ta sha romo. Kowa na da ikon kai kuɗinsa inda ransa ya kwanta, amma ra'ayi na akwatin zaɓe ne, ba ya gyara aiki ba ya ɓata shi. Kuma duk mai kafa doka a gidansa ya fara gwada ta a jikinsa, don dokar da babba ya kasa ɗauka, a kan mai biyayya take faɗawa.