Sifirin Gaban Lamba

A fusace ta shigo ofishin kamfanin aika kaya, riƙe da rasit kamar mai neman wanda za ta mara da shi. Kayan da ta aika wa yayanta a ƙasar waje sun isa tun tuni, amma masu rabawa sun ce lambar wayarsa ba ta shiga. Aka yi ta miƙa ta daga tebur zuwa tebur, har aka dire ta a lungu, ƙarƙashin fankar da ta daina juyi, gaban wani saurayi da kowa ke kira Sifiri.

Aikinsa ne ya ja masa sunan. Kamfanin na da manhajar ajiye lambobin masu hulɗa da shi, mutane kuwa kowa yadda ya ga dama yake rubuta lamba. Shi ne mai goge sifirin farko, ya sa alamar ƙari da lambar ƙasa. Har digiri ya yi kafin a ba shi wannan amana.

"Wace ƙasa yayan naki yake?" ya tambaya. Ya ɗago kai, nan take ya manta abin da ya tambaya.

Ta faɗa masa. Ya goge, ya ƙara, ya danna, sai ga wayar yaya tana ƙara a can wata duniya.

"Shi ke nan? Sifiri ɗaya ne ya hana ni sukuni?"

"Haka muke, ranki ya daɗe. Ba a ganin mu sai mun ɓata abu."

Ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Nas ce, a gida Auta ake ce mata. Kafin ta fita ya karɓi lambarta, wai don bibiyar kaya. Kaya suka isa hannun mai su, bibiya ba ta tsaya ba.

Ranar da Sifiri ya je gaishe shi, mahaifinta, tsohon malamin lissafi, bai ga abin burgewa ba.

"Me ka ce kana yi, yaro?"

"Ina gyara lambobin waya, Baba."

"Gyaran waya?"

"A'a, lambobin. Ina goge sifiri."

Tsohon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. "Na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa yara darajar sifiri, kai kuma ana biyan ka ka goge shi. To. Auta za ta tafi ƙarin karatu wajen yayanta. In da gaske kake, nisa zai nuna."

Ranar tafiya, a filin jirgi, ana ta kiran fasinjoji, ta karanto masa lambar sabon layin da yayan ya tanadar mata. Da sifirinta ta karanto, yadda mutanen can ke faɗi a tsakaninsu. Ya rubuta a wayarsa da sauri, ido cike da ƙwalla, wadda ya ce iskar filin ce.

"Kullum ni ke fara kira," ta ce. "Wannan karon ba zan fara ba. In ka neme ni, ka same ni. In ba ka nema ba, na gane."

"Autata, ni da lamba? Ko a barci aka tashe ni."

Tun jirgin bai sauka ba ya tura na farko.

"Autata, kin isa lafiya? Ki ci abinci kafin ki kwanta. Na san halinki."

Saƙo ya shiga, alama ta nuna an karanta. Amsa, shiru.

"Yau fankar ofis ta juya sau ɗaya ta tsaya. Ni ma haka nake tun da kika tafi. Kin ci abinci?"

An karanta. Shiru.

Ya kira, aka katse. Ya sake kira, aka sake katsewa. Daga nan zama ya gagare shi. Ya tashi ya zagaya tebur, ya je ya sha ruwan da ba ƙishinsa yake ji ba, ya dawo ya duba waya. Ya kife ta, ya buɗe ta. Ya saka ta a durowa ya kulle, sannan ya zauna yana sauraron durowa.

Abokin teburinsa ya ce, "Anya lambar daidai ce?"

Sifiri ya dube shi kamar an zagi kakansa. "Ni za ka tambaya wannan?"

Makonni suka shuɗe, bai fasa turawa ba. Wata rana ya haɗu da yayar Auta a bakin kanti, ta amsa gaisuwarsa ciki-ciki.

"Ai ka kyauta. Yarinya na can tana kallon waya kamar talabijin. Wani likita abokin yaya ya fito, har ya yi wa Baba magana, an kuma yi mata tayin aiki a can. Ƙarshen watan nan za ta ba da amsa."

"Kullum fa ina tura mata saƙo!"

"Haka kowannenku yake cewa," ta ce, ta wuce abinta.

Ya tsaya a titi ya rubuta:

"Autata, in likitan kike so, ba zan tare miki hanya ba. Kalma ɗaya kawai ki ce min. Amma ko wa kika zaɓa, don Allah ki riƙa cin abinci a kan lokaci."

Bai kai ofis ba wayar ta yi ƙara. Sunanta ne a jiki. Saura kaɗan ya faɗa kwata.

"Kai ɗan nan!" Muryar wata dattijuwa ce, mai kaifi. "Wace ce Auta? Mijina mai jikoki kake kira Autata? Wane likita ne zai aure shi?"

Ya cire wayar daga kunne, ya buɗe sunan, ya kalli lambar da ke ƙarƙashi. Rabon da ya kalle ta tun filin jirgi. Sifirin ya tafi, alamar ƙari tana nan, amma lambar ƙasar ta gida ce.

Wayarsa a haɗe take da manhajar kamfani. A manhajar kuwa akwai wata ƙa'ida: duk lambar da ta fara da sifiri, ta gida ce, a goge a sa mata lambar ƙasar nan. Shi ya rubuta ƙa'idar da hannunsa, har manaja ya yaba masa a gaban kowa.

Aka karɓe wayar daga hannun matar. "Ɗana, ka yi haƙuri," in ji wata murya mai kauri. "Ni direban tanka ne. Tun saƙon farko na so in gaya maka. To amma tun da nake bin hanya ba wanda ya taɓa tambayata ko na ci abinci. Sai na ce bari in ɗan ƙara kwana biyu."

"Ni da nake dafa maka fa?" matar ta daka tsawa daga gefe.

Sifiri ya gyara lambar, ya kira. Sau ɗaya ta yi ƙara aka ɗauka.

"Wa ke magana?" Ta sani sarai.

Ya yi bayani, yana haɗa kalmomi suna zubewa.

"Kai da lamba, ko a barci aka tashe ka," ta ce. "Ka nemo ƙaryar da ta fi wannan." Ta katse.

Washegari ya roƙi direban da matarsa, ya kai su falon tsohon malamin. Ya durƙusa ya faɗi komai, bai rage wa kansa ko kaɗan ba. Matar direba ta karɓe wayar mijinta ta soma karanta saƙonnin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, tana harararsa a ƙarshen kowanne. Sifiri ya yi fatan kujera ta haɗiye shi.

Tsohon ya saurara har ta gama. "Wato sifirin ma da ake biyan ka, ba ka iya goge shi ba."

"Haka ne, Baba."

"Duk wannan ba a amsa maka ko sau ɗaya ba?"

"Ko sau ɗaya."

"Kuma ba ka daina ba." Ya cire tabarau, wannan karon bai goge ba. Ya ɗauki tasa wayar ya kira 'yarsa. "Auta, ga wata baiwar Allah za ta karanta miki wasu abubuwa. Ki zauna, da yawa."

Da yamma saƙo ya shigo, daga lamba mai alamar ƙari da ƙasar da ta dace.

"Sifirina, na ci abinci. Na ba likita haƙuri. Ina gama karatu zan dawo. Ka gyara ƙa'idar nan taka kafin ta kashe wa wani aure."

Ya gyara. Yanzu manhajar ba ta yanke hukunci da kanta, sai ta tsaya ta tambaya: wace ƙasa?

Ranar ɗaurin aure direba ne a sahun gaba, tankarsa ta cinye rabin layin. Tsohon malamin ya riƙe hannun ango ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai duba abu sau biyu." Jama'a suka amsa da amin.

Direba ya matso ya rungume ango, ya yi masa addu'a mai tsawo, sannan ya rage murya.

"Allah Ya ba da zaman lafiya, ɗana. Amma tun da ka gyara lambar nan ba wanda ya sake tambayata ko na ci abinci."

Daga bayansa matarsa ta miƙo masa faranti a cike.

"Ka ci," ta ce, tana kallon wani wajen. "A kan lokaci."