Baƙin Giris ɗin Mzwakhe

Mu 'yan garin Katlehong mun san asirin wasan juya mota ba a inji yake ba, yana ƙafafun baya. In shokozoba da sifirin suka saitu, gindin mota zai yi ta wulwulawa har hayaƙin taya ya rufe 'yan kallo. Maƙwabcina Mzwakhe Radebe bakanike ne, amma duk motar da ya saita sai ta yi ta tsalle a fili kamar akuya. Direbobi kan wuce garejinsa suna yi masa tsiya: "Yaya Mzwa, ka koma gyaran baro mana!"

Gorin nan ne ya kai shi cikin duwatsu, wurin wata bokanya, Gogo Mahlaba. Bukkarta ba taga. Ƙaurin kitse ya cika ta, saɓar mesa a bango, tsatsattsun sifirin kuwa rataye a rufi, suna lotsawa suna miƙewa ba mai taɓa su.

Ta ce, "Jikana, mota ba ta rawa sai an rage mata nauyi. Nauyi kuwa ba ya ɓata, mazauni yake sauyawa. Wa zai ɗauka?"

"Ni, Gogo."

"Da wannan ƙirjin naka na ɗan tsako?"

"To, gidana zai taya ni."

"Bakinka ya faɗa, ba nawa ba."

Ta miƙa masa ƙaho cike da baƙin giris, ta ce ya riƙa shafa wa kowace shokozoba kafin ya ɗaure noti.

Motar farko da ya shafa wa ta juya kamar ba ta taɓa ƙasa. Nan da nan layi ya kai bakin titi. Ya gina bene, masu yi masa dariya suka koma cire masa hula.

Sai ƙanensa Bhekani, ƙato mai sungumar giyabos ɗin mota shi kaɗai, ya fara ranƙwafawa. Da ya mutu, likita ya ce ƙashin bayansa ya murƙushe kamar mota ta kwana a kansa. Ba a gama zaman makoki ba matar Mzwakhe, Thembeka, ta fito tsakar gida ta kama juyi a wuri guda, tana juyi har tafin ƙafarta ya tsage. Ba ta ƙara gane kowa ba.

Mzwakhe ya koma duwatsu da gudu. "Gogo, ki sauke min!"

"Kaya a kan wani ake sauke shi. Wa ya rage maka?"

"Sai mahaifiyata."

"To?"

 Ya ajiye ƙahon, ya dawo ya garƙame gareji.

Sai dai motocin da ya shafa wa giris suna nan suna wasa. Nauyinsu ya koma kansa, yanzu yana kwance rigingine a daɓe, ko katifa ba ta iya ɗaukarsa. Ranar Asabar, da injuna sun tashi a fili, ta katanga nake jin ƙasusuwansa suna ƙara. Tsohuwar da ya ƙi bayarwa ita ke ɗura masa kunu. Makon jiya ya kama hannuna, da ƙyar ya ce, "Maƙwabci, roƙe su su taka birki."

Wa zai ji ni cikin wannan shewa?

Kai mai neman arzikin dare ɗaya, kafin ka ce ka yarda, ka juya ka dubi waɗanda ke zaune a tsakar gidanka. Da bayansu za ka biya.