Kada Ka Ba Ta Dariya

Ranar da babban injin wanki ya tsaya cak da labulen mutane a cikinsa, ranar ta fara ganinsa. Ya shigo shagon wanki da guga, jakar kayan aiki a kafaɗa, yana taunar cingam, kamar ba shi ake jira tun safe ba. Ita kuwa tana bayan teburin guga, tururi ya jiƙa mata goshi, rai a ɓace. Bai gama sallama ba ta fara kafa masa doka: kada ya taka kwandon fararen kaya, kada ya ɗora hannunsa mai baƙin mai a kan kantar shagon, kada ya kwance abin da ba zai iya mayarwa ba.

Ya saurara har ta kai aya, sannan ya ɗan rusuna.

"To, Manaja. Tsayuwa fa, an yarda in yi, ko ita ma sai na nemi izini?"

Ba ta yi niyya ba, dariya ta ƙwace mata. Ta ce ya yi abin da ya kawo shi, Injiniyan da ba shi da ofis. Sunayen nan biyu suka manne musu, har na yanka suka ɓace.

Injin dai ya gyaru a ranar, amma Injiniya bai daina zuwa duba shi ba. Yau ya ji wata ƙara, gobe yana zargin waya. Ba kyau ya fi samari ba, ba kuɗi ba. Abu ɗaya gare shi, ya iya sa ta dariya har ta ajiye dutsen guga ta dafe ciki. Yarinyar da ta tashi marainiya, daga ita sai mahaifiyarta Umma, ta saba da ɗaure fuska tun tana ƙarama, sai ga wanda ya san inda makunnin yake.

Da tsakar rana saƙonsa zai shigo:

"Manajata, wani ya kawo mini fanka wai baya take hurawa. Na ce ya juya gadonsa. Kin ci abinci?"

Ita kuma ta mayar:

"Injiniyana, Allah ya shirye ka. Saura kaɗan in ƙona wuyan rigar mutane saboda kai."

Manya suka shiga magana, aka tsayar da lokaci. Inna, mahaifiyarsa, har shago ta zo ta ga yarinyar, ta yaba da yadda take ninke kaya, ta ce ɗanta ya yi dace.

Sai tari ya zo.

Da fari an ɗora wa tururi laifi, sannan sanyi, sannan ƙura. Aka sha na kemis, aka sha na gida, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ranar da ta ga jini a farin hankicinta, a shago ta zauna a kan kwandon kaya, ta daɗe tana kallonsa. Hoton ƙirji ya nuna wani dunƙule a huhun dama. Likita ya ce ƙari ne, sai an cire sannan a san irinsa, kuma da wani sashe na huhun zai tafi.

Ta farka da roba a haƙarƙari tana zuƙe ruwa, da ɗinki daga ƙarƙashin hammata har kusan baya. Numfashi, abin da ake yi kyauta, ya zama aiki. Nas ɗin ɗakin, wata doguwar mace marar wasa, kullum maganarta ɗaya: ta rungumi filo ta yi tari, ta zuƙi iska ta 'yar robar motsa huhu mai ƙwallaye, in ba haka ba majina ta zauna mata a ƙirji. Manaja kuwa tsoron tari take kamar mutuwarta.

Da aka fara barin masu dubiya, Injiniya ya shigo da ledar lemo. Ya dubi robobi da wayoyin da ke jikinta, ya girgiza kai, ya ce wanda ya yi wannan haɗin bai iya aiki ba, da shi aka kira da ya sa mata makunni a goshi. Dariya ta taso mata. Wayyo, kamar an soka mata wuƙa an murɗa. Ta yi ƙara, hawaye suka zubo. Shi kansa ya firgita. Da zai tafi, Umma ta bi shi waje, suka jima a baranda.

Daga ranar Injiniya ya zama wani mutum.

Bai fasa zuwa ba, a asibiti da bayan an sallame ta. Zai zauna a bakin kujerar falo, hannu a gwiwa, ya tambayi jiki, ya tambayi magani, ya yi shiru yana kallon agogon bango. In ta tsokane shi, sai ya yi wani guntun murmushi ya kau da kai. Saƙonninsa ma suka koma irin na wanda ba a saba da shi ba:

"Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. A riƙa hutawa."

Ba Manajata, ba komai. Ta karanta ta sake karantawa, tana neman shi a ciki, ba ta same shi ba.

Sakamako ya fito, likita ya ce an dace, ba mai yaɗuwa ba ne, amma za ta riƙa dawowa ana dubawa na tsawon shekaru. Umma ta yi ta hamdala. Manaja ta aika masa da albishir zuciyarta na bugawa, amsa ta dawo: "Alhamdu lillahi. A kula da shan magani." Sai ta kifa wayar a kan filo ta yi kuka a hankali, don kukan ma ciwo yake.

Wata gwaggonta ce ta ƙarasa ta. Gwaggon nan bakinta ba ya ajiya, ta zo dubiya ta zauna tana ɓare lemon marar lafiya tana sha, ta ce ai gari ya ɗauka, Inna ta ce ɗanta ba zai auri mai rabin huhu ba, har ta samo masa 'yar ƙawarta, wata malamar makaranta, lafiyayya kamar doki. An ma gan shi a gidansu malamar. Ta ƙara da cewa yaron kirki ne dai, tunda har yanzu yana zuwa, wani da tuni ya cika wandonsa da iska.

Ashe abin da ke faruwa ke nan. Kunya ce ke kawo shi, da tausayi. Manaja ta shiga ɗaki ta ɗaga riga a gaban madubi, ta dubi tabon da ya kwanta mata a gefe, ta dubi ƙasusuwan wuyanta. Ciwo ta jure shi, amma a aure ta don a samu lada, wannan kam ba za ta iya haɗiyewa ba. Ta rubuta:

"Injiniya, na gode da ɗawainiya. Na yafe maka alkawarin da ke tsakaninmu. Ka bi zaɓin Inna, Allah ya sanya alheri. Miji nake so, ba mai jinya ba."

Rana ba ta karkata ba ya faɗo gidan da kayan aiki a jikinsa, ko hannu bai wanke ba. Ya tsaya tsakiyar falo yana nuna mata waya, ya tambaye ta mene ne wannan. Ta ce Hausa ce, ya karanta. Ya ce ta yi a hankali, kada ta ɗaga murya. Wannan kalma ta "a hankali" ita ta fasa tulun.

"Na gaji da a hankali! Kullum ka zo mini da fuskar ta'aziyya, ka zauna kamar mai jiran a fito da gawa. Ban mutu ba. Huhu aka yanke mini, ba zuciya ba. In ka daina sona ka faɗa, kada ka riƙa biyana da lemo."

Numfashi ya yanke mata, tari ya turnuƙe ta, irin wanda nas ta yi ta roƙo. Ta rungumi filon kujera ta yi shi har ƙarshe. Ɗinki bai ɓalle ba, sama ba ta faɗo ba. Da ta ɗago, ya durƙusa a gabanta idonsa jawur.

"Umma ce ta sa na rantse," ya ce. "Ranar nan a baranda. Ta ce in ina ƙaunarki kada in sake ba ki dariya, ɗinkin zai farke. Ni kuma na ji ƙarar da kika yi, har yau tana kunnena. Kin san ni, in na buɗe baki ban san inda zai tsaya ba, shi ya sa na rufe gaba ɗaya. Ko sunanki na daina rubutawa, don daga shi sauran ke biyowa. Manajata, ni ma fa jinya nake."

Umma tana bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ta fara cewa ita dai don lafiyarta ta yi, ita kaɗai gare ta. Manaja ta kau da kai. Me za a ce wa uwa? Amma abin ya yi mata ɗaci. Watannin da ta fi bukatar mutumin nan, su aka ƙwace mata, kuma da sunan so aka yi.

Zancen malama kuwa gaskiya ne, ya je sau ɗaya don Inna ta matsa, ya gaishe su, ya gaya wa yarinyar yana da wadda zai aura. Tun ranar Inna ba ta amsa gaisuwarsa. Ya ce zai ci gaba da lallashi. Manaja ta ce a'a, an gama yanke mata hukunci a bayan idonta, wannan karon da ƙafarta za ta je.

Inna a can saman bene take, gidan haya mai matattakala a tsaye. Injiniya ya miƙo hannu, Manaja ta ture. Ta hau tana dafa bango, ta tsaya, ta sake hawa, gumi na bin bayanta, ƙirjinta na fito. Kafin su yi sallama ƙofa ta buɗe. Inna ta ji zuwanta tun daga ƙasa.

Ta ba ta kujera da ruwa, ta kori ɗanta waje. Sannan ta yi magana ba tare da ta kalle ta ba.

"Na san wannan numfashin. Shekaru na yi ina sauraronsa a ƙirjin ubansa. Na wanke, na ɗauka, na juya, har ya tafi ya bar ni da yaro a hannu da ƙuruciyar da ban san inda ta shiga ba. Ba ƙin ki nake ba, yarinya. Ba na so ɗana ya ɗanɗani abin da na sha."

Manaja ta jira numfashinta ya daidaita. Ta zo da maganganu da yawa, duk suka zube.

"Inna, ba zan yi miki alkawarin tsawon rai ba, ba a hannuna yake ba. Likita ya ce an cire, kuma zan riƙa komawa. Iyakar abin da na sani ke nan, ban ɓoye miki komai ba. Amma na ba shi hanya ya tafi, ya ƙi. In kika raba mu, ba jinya kika cece shi daga gare ta ba, wani ciwon kika ba shi."

Inna ta daɗe tana murza gefen zanenta. Daga ƙarshe ta ce ba za ta hana ba, amma kada kowa ya ce ta yi murna.

Ta kuwa cika maganarta. Aka ɗaura aure ba wani taro, Inna ta zauna a gefe, ko a hoto ba ta yi murmushi ba. Gwaggo tana ta raɗa wa mutane cewa amarya ta rame. Manaja ta ji, ta share. Ango ne kawai bakinsa ya ƙi rufuwa, yana ta rama bashin surutu a kunnenta, ita kuma tana dafe haƙarƙari tana ce masa Allah ya shirye shi.

Da yamma aka kai ta gaban Inna ta durƙusa. Kowa na jiran ya ji abin da tsohuwar za ta ce. Inna ta ɗora hannu a kanta, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," ta ce. Muryarta ta karye, ta gyara. "Allah ya sa ke za ki yi jinyarsa in ya tsufa. Ke za ki wanke, ke za ki juya, har ki gaji da shi."

Mata suka dubi juna, ba su san ko addu'a ce ko baƙar magana ba. Manaja ta sani. Ta kama hannun ta riƙe gam, ta ja numfashi iya inda ya kai.

"Amin, Inna," ta ce. "Amin."