Gaisuwar Tsakar Rana a Kwarin Gishiri

A rage hasken fitilar nan, kowa kuma ya gyara zama, domin abin da za a faɗa ba na shewa ba ne, kuma ba za a maimaita shi ga wanda ya yi gyangyaɗi ba.

'Yan zamani, masu hawa jirgi da hantsi su yi magariba a Jidda, ba su san cewa da tafin ƙafa kakanninsu suka nemi Ɗakin Allah ba. A cikin waɗancan bayin Allah akwai Malam Nomau, mutumin wani ƙauye a kudancin Katsina, da matarsa Lantana. Sun bar gida tana da ƙuruciyarta. Suka ratsa Barno da Wadai, suka yi ƙodagon tsinkar auduga a Sudan, har furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwalinta, ba su ga teku ba. Allah bai ba su haihuwa ba. Shi ne nata, ita ce tasa.

Da shiga jirgin ruwa ya gagare su a Sawakin saboda rashin takarda, sai suka bi wani ƙaramin ayari da ya karkata kudu, ta ƙasar Danakil. A can Kwarin Gishiri yake. Wajibi ne mai sauraro ya fahimci yanayin wurin, in ba haka ba labarin zai wuce ta bisa kansa. Masana labarin ƙasa sun tabbatar cewa kwarin ya fi teku gangarawa. Wato wanda ya tsaya a cikinsa, jiragen ruwa suna tafiya sama da rawaninsa, duwatsu ne kawai suka tare ruwan. A dā teku ne kwance a wurin. Da ya janye, ya bar gishiri fari fat, iyakar ganin ido. Babu itace. Babu tsuntsu. Ko ƙuda ba ya zuwa.

Tun kafin su shiga kwarin jakunan ayarin suka mutu, kowa ya koma a ƙasa. A tsakiyarsa zazzaɓi ya kayar da Lantana. Malam Nomau ya goya ta har gwiwoyinsa suka ƙi.

Da gari ya waye madugun ayarin ya ja shi gefe.

"Malam, in muka tsaya, duka za mu mutu. Akwai rijiya a bakin kwarin, wurin masu saran gishiri. In mun kai zan turo maka raƙumi da salkar ruwa."

"Yaushe?"

"Sai yadda Allah ya yi. Ka kafa mata inuwa. Kome ka gani, kada ka bar ta."

Suka rage masa ɗan ruwa a buta, suka tafi. Ya soke sandarsa da tata a tsagar gishiri, ya ɗaura mayafinsa a kai. Kafin hantsi ya ɗaga, butar ta bushe.

Lantana ta buɗe ido, ta dubi farin da ya kewaye su.

"Malam, Makka ka ce za ka kai ni, ko kasuwar gishiri?"

"Yi shiru, ki adana yawunki."

"Da ka faɗa mini, ai da na taho da kuka da daddawa."

Ta so ta yi dariya, tari ya ƙwace. Leɓɓanta sun tsage, ba su ko fitar da jini. Daga nan sai nishi.

Rana ta take tsaka. Duk mai hankali ya san wannan lokaci ba na 'yan Adam kaɗai ba ne.

Ƙarni ya fara ji. Ƙarnin kifi da taɓo, irin na bakin gulbi bayan ruwa ya ja. Sa'an nan ya ji taku. Caɓ. Caɓ. Caɓ. Takun mai tafiya cikin ruwa, a wurin da rabonsa da ruwa tun zamanin da ba a sani ba.

Wani dogon dattijo ne, cikin farar riga. Bakin rigar sharkaf yake, yana ɗiga. Duk inda ya ɗaga ƙafa sai ya bar ɗan tafki, nan da nan ya ƙafe. Malam Nomau ya dubi ƙafafun sau ɗaya, ya ga fata ta haɗe tsakanin yatsun, ya kawar da ido. A hannun dattijon akwai gora, an toshe bakinta da ɗanyen ganye.

"Salamu alaikum."

Da Hausa ya ci gaba, Hausa tsantsa. Amma muryar kamar ta mai magana daga cikin rijiya.

"Wa alaikumus salam," in ji Malam Nomau.

"Sannu da rana. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya zafi?"

"Lokacinsa ne."

Dattijon ya sunkuya, ya leƙa ƙarƙashin mayafin. Ruwa ya ɗiga daga gemunsa.

"Yaya mai jiki?"

Malam Nomau mutum ne da aka yi wa tarbiyya. Tun yana ƙarami ya ga ana fitowa daga ɗakin mai gargara, a tambayi jikinsa, a amsa da magana guda. Bai taɓa jin ɗan halas ya amsa da wata ba. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Da sauƙi."

Dattijon ya ɗago kai.

"Da sauƙi, ka ce?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"To, madalla. Tun daga ƙarƙashin ƙasa na jiyo nishinta, na ɗebo mata wannan. Amma tun da ta sami sauƙi, shi ke nan. A tashi lafiya."

Ya juya.

Malam Nomau ya zauna yana jira. A garinsu, mai kawo alheri ba ya komawa da shi. Yakan ajiye, ya ce a dai taɓa, ko ya nace har a karɓa. Ya jira dattijon ya waiwayo. Bai waiwayo ba. Caɓ. Caɓ.

Yatsun Lantana suka kama gefen rigarsa.

"Malam… ruwa ne. Na ji motsinsa a gorar."

Ya miƙe. Maganar madugu ta faɗo masa, ya dube ta, ya dubi bayan dattijon.

"Yanzu zan dawo. Ga shi nan kusa."

Ya sheƙa da gudu.

"Baba! Tsaya! Ba sauƙi! Wallahi ba sauƙi!"

Dattijon tafiyar ƙasaita yake yi, ba ya sauri. Malam Nomau gudu yake yi iyakar ƙarfinsa. Amma ratar da ke tsakaninsu ba ta ragu ba, ba ta ƙaru ba. Kullum kamar in ya ƙara ƙoƙari kaɗan zai taɓa rigar. Igiyar takalminsa ta tsinke. Gishiri ya yanyanka tafin ƙafarsa. Da ya waiwaya, mayafin ya koma kamar ƙwayar gero. In ya koma, hannu wofi zai koma. In ya ci gaba, ita kaɗai ce. Ya ci gaba. Da ya sake waiwayawa, babu kome sai fari.

Sai da inuwarsa ta yi tsawo dattijon ya tsaya, a bakin wani rami mai baƙin ruwa, wanda ba ya ko motsi.

Malam Nomau ya zube a gabansa. Muryarsa ta dushe.

"Baba, don Allah. Mutuwa take yi."

"Bakinka ne ya ce da sauƙi. Na sake tambaya, ka sake faɗa."

"Haka ake cewa a wurinmu. Ko rai na fita, haka ake cewa."

"Ikon Allah," in ji dattijon, kuma da gaske mamaki yake yi. "Mu mutanen ƙarƙashin ƙasa ba mu san wannan ba. Tun da teku ya tafi ya bar mu, ba mu da abin yi sai sauraro. Abin da aka faɗa mana, shi muke ɗauka."

Ya karkata kai, kamar mai kasa kunne ga wani abu mai nisa. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya miƙo gorar.

"Karɓi. Ba zai yi aikin da na ɗebo shi dominsa ba. Amma zai yi wani."

Ya taka cikin ramin, ya nutse a tsaye, ko kumfa bai tashi ba.

Malam Nomau ya bi sawun jininsa ya koma. Gorar na da sanyi kamar an ciro ta daga gindin randa. Ya rungume ta, bai kurɓi ko ɗigo ba, yana cewa a ransa Lantana ce farko. Rana na dab da faɗuwa ya hango mayafin.

Ya tarar ta fito daga inuwar. Ta ja jiki a kan gishiri, ta bi wajen da ya bi, har inda ƙarfinta ya ƙare. Idanunta a buɗe suke. Babu wanda ya laƙƙana mata kalmar shahada, babu wanda ya shafe mata ido.

Ya cire ganyen, ya yi mata wanka. Gorar ƙarama ce, amma ruwan bai yanke ba har ya gama dama, ya gama hagu, ya zuba na ƙarshe. Daga nan ta bushe ƙayau. Ya yi mata sutura da mayafinsa da rawaninsa, ya sallace ta shi kaɗai. Ƙasa ba ta haƙuwa a wurin, saboda haka ya ɓamɓaro faifan gishiri da sanda da farce, ya jera a kanta. Washegari raƙumin ya iso, da salka cike.

Ya ƙetare teku. Ya ga Ɗakin Allah. Bayan shekaru ya koma ƙauyensu, tsoho, yana ɗingishi. Yayan Lantana, wanda ya makance a lokacin, ya sa aka kai shi zauren Malam Nomau. Suka gaisa, suka yi addu'a. Sa'an nan makahon ya laluba ya kama hannunsa.

"Nomau, kai ne a kanta. Me ta ce a ƙarshe?"

Malam Nomau ya buɗe baki. Akwai amsar da ake bayarwa, kowa a zauren ya san ta, kowa kuma ita yake jira. Ya rufe bakin. Da ya sake buɗewa, abin da ya fito shi ne, "Ban sani ba, Yaya."

Makahon ya saki hannunsa.

Saboda haka, duk wanda tafiya ta kai shi fili irin wannan, kada ya yarda ayari ya bar shi daga shi sai majinyaci. Tsakar rana ba ta fi tsakar dare aminci ba. A kashe fitilar, kowa ya yi addu'a kafin ya kwanta.